Ɗan Leburan Reluwe

Assalamu alaikum. Shekaruna 67 a duniya, 35 daga ciki a Ingila na yi su, kuma a bayan gidana akwai layin dogo. Ba irin na yara ba ne da ake shimfiɗawa a tsakar ɗaki a kwashe da yamma. Layi ne na tagulla mai tsawon mita 38, a waje yake kwana, ruwa da ƙanƙara duk a kansa suke sauka. Kan jirgin da ke bin sa bai kai kamu ɗaya ba a tsawo, amma da wuta da ruwa yake tafiya, tururinsa na gaske ne, idan ka taɓa tukunyarsa sai ka ƙone. Tun da 'yata ta tura bidiyonsa a zauren WhatsApp na dangi ake ta tambayata, wasu da sha'awa, wasu kuma da tausayi, wai Alhaji ya tsufa a Turai ya koma wasan yara. Shi ya sa na ga gara in zauna in faɗi yadda aka yi.

A Zariya aka haife ni a 1958, a kwatas ɗin ma'aikatan reluwe, inda idan jirgin dare ya wuce sai kwanukan Inna sun amsa a kan kanta. Kakana yana cikin waɗanda aka ɗebo daga ƙauye aka kai aikin diga, ba da son ransu ba, lokacin da Turawa suke shimfiɗa ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya hau Jos saboda kuza. Sunan Bauchi aka laƙaba wa layin, amma bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama da Jengre, ya tsaya a Bukuru a 1914. Tsakanin ƙarafansa ƙafa 2 ne da inci 6, alhali babban layin da ya isa Kano a 1911 ƙafa 3 ne da inci 6. A kan wannan ƙaramin layi Baba ya fara aiki yana saurayi, har aka rufe shi a 1957, aka mayar da su babban layi. Ni ban taɓa ganin jirgin yana tafiya ba. A bakin Baba kawai na san shi, yadda yake nishi a hawan dutse, yadda fasinja ke wuni a cikinsa kafin ya ga Jos.

Aikin Baba duba layi ne. Kullum bayan asuba ya saɓa guduma mai doguwar ƙota, ya rataya sifana, ya bi dogo a ƙasa, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurare, inda noti ya kwance ya ɗaure, inda tsakuwa ta zaizaye ya sa alama. Daga baya ya zama heluma, da mutanensa a ƙarƙashinsa, amma har ya yi ritaya bai daina wannan tafiya ba. Tafin hannunsa kamar busasshiyar fata yake.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa faɗa wa kowa ba sai uwargidana da yayata. Da na shiga makarantar kwana, aka tambaye ni aikin ubana, sai na ce direban jirgi ne. A wancan zamani direban jirgin ƙasa babban mutum ne, yara har kwaikwayon tafiyarsa suke yi. Ƙarya kuwa fure take ba ta 'ya'ya: wani yaro ɗan unguwarmu ya tona, aka koma kirana ɗan leburan reluwe, sunan ya bi ni har na gama. Ina aji biyu Baba ya zo duba ni. Daga tasha ya tako a ƙasa, da kakinsa na aiki, da ƙullin ƙuli-ƙuli da gari da sukari. Na hango shi tun daga nesa, na ruga na tare shi a bayan ƙofar makaranta don kada ya shigo a gan shi. Muka tsaya a gindin wata dalbejiya. Ya dube ni, ya dubi ƙofar, ya miƙa mini ƙullin, ya ce, "To, Allah ya yi maka albarka," ya juya. Shekara 40 da wani abu ya ƙara a duniya bayan wannan rana. Na gina masa gida, na biya masa Makka, amma ban taɓa buɗe baki na ce Baba ka yafe mini abin da na yi maka a gindin dalbejiya ba.

A 1990 na zo Ingila, na samu aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Yorkshire, kusa da Doncaster. A 2011 aka kira ni da asuba aka ce Baba ya cika. Kafin azahar an kai shi makwancinsa, ni kuwa ina tsaye a filin jirgin sama da jaka a hannu. Bayan shekara 3 zuciyata ta buga a wurin aiki, aka sa mini ɗan ƙarfe a jijiya, likita ya ce in zauna a gida wata 4.

A cikin wannan zama ne, wata rana da hantsi ina lulluɓe da bargo a bayan gida, na ji usur, siriri, can ƙasa-ƙasa. Kafin in gane ko mene ne sai wari ya iso ni, warin mai da ya sha zafi ya gauraya da tururi. Wallahi ban san sanda na miƙe ba. Warin rigar Baba ke nan idan ya dawo daga shedin jirage. Na leƙa ta kan shinge, sai ga maƙwabcina, wani dattijon Bature da muka shekara 11 ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa, a durƙushe, wani ɗan kan jirgi kore yana jan taragu 4 yana ratsa furanninsa. Ya ɗago ya gan ni, ya ce in zagayo.

Ashe tsohon ma'aikaci ne a babbar masana'antar jiragen ƙasa ta Doncaster, inda aka ƙera shahararrun kawunan jirgi masu tururi, Flying Scotsman a 1923 da Mallard a 1938. Da ya ji daga gidan reluwe na fito, ranar sai da shayi ya huce a gabanmu sau biyu. Shi ya fara yi mini bayanin abin. Ya ce layukan lambu iri biyu suka fi yawa a ƙasar: mai faɗin milimita 32 da mai 45. Na 45 ɗin kamfanin LGB na Nuremberg a Jamus ne ya yaɗa shi tun daga 1968, da jirage masu lantarki da ba sa tsoron ruwan sama. Su kuma masu tururi a Ingila yawancinsu kan ma'auni ɗaya suke, kowace ƙafa ɗaya ta jirgin gaske a mayar da ita milimita 16, wato a rage girma sau 19, kuma suna da ƙungiyarsu tun 1977. Da daddare na ɗauki biro na yi lissafi. Layin Baba mai ƙafa 2 da inci 6, idan aka rage shi sau 19, milimita 40 zai ba da. Tsakaninsa da 45 ba nisa. Na ajiye biron na daɗe ina kallon takardar.

Uwargida ba ta hana ni ba. Cewa kawai ta yi, "Alhaji, in dai zai fitar da kai daga kan kujerar nan, ka yi. Amma kada ka taɓa mini wurin alayyafona."

A bazarar 2015 na fara, kuma na yi gaggawa. Dattijo ya ce in haƙa, in yi tushe, in ɗaga layin sama. Na ga abin zai ɗauki shekara, ni kuma so nake in ga jirgi yana gudu. Sai na share ciyawa, na zuba tsakuwa, na shimfiɗa layi a kai cikin mako 3. Na sayi kan jirgi na hannu, ƙirar kamfanin Roundhouse da ake yi a nan Doncaster, a kan fam 1,000 da 'yan kai, kuɗin da sai da na yi istigfari kafin na faɗa wa uwargida. Ya yi tafiya lafiya har kaka ta wuce. Amma ƙasar wajenmu yumɓu ce, tana shan ruwa ta kumbura, sanyi ya daskarar da ita ta ɗaga, rana ta fito ta tsage. Kafin watan Maris layin ya koma kamar bayan raƙumi.

Na kwashe shi duka na sake daga farko. Wannan karon na haƙa rami mai zurfin tsawon bakin shebur, na zuba fasassun duwatsu na daddale, na jera bulo na siminti har zuwa gwiwa, saboda mai ciwon zuciya da ciwon baya ba ya son yawan sunkuyo. Kowane bulo sai na ɗora masa ma'aunin nan na magina mai ɗigon iska a cikin ruwa. Jirgin tururi ba ya son hawa, ba ya son gangara: a hawa ya tsaya yana haki, a gangara ya kwasa da gudu ya kife a kwana. Ba ya kuma son kwana mai tsanani, don haka na buɗe kowace kwana sosai, har ta ci gefen alayyafon da aka gargaɗe ni a kansa, na biya da sabon fili a gaban gida. Wata 7 aikin ya ci, bulo 10 yau, 6 gobe, gwargwadon yadda ƙirjina ya yarda.

Da aka gama, ko'ina lafiya sai wuri ɗaya. A kwanar da ke gindin itacen tuffa, jirgin sai ya sauka daga layi. Ba kullum ba, amma sau ɗaya cikin zagaye 5 ko 6. Na duba wurin da ido daga tsaye ban ga komai ba, na ɗora ma'auni ya nuna daidai. Na yanke hukunci cewa laifin jirgin ne, wanda ya sayar mini ya ɓoye wani aibi. Na naɗe shi a tawul na kai wa Dattijo, na ce ya kwance ƙafafun ya duba. Ko karɓarsa bai yi ba. Ya ce, "Kai ni wurin."

Lokacin yana da shekara 78. Ya je gindin tuffar, ya dafa bulo, ya sauke gwiwa ɗaya a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya sauke ɗayar, sannan ya kwantar da kuncinsa a kan ƙarfen layin, ya rufe ido ɗaya, ya miƙa ganinsa tare da dogon.

Na taɓa ganin wannan. Ina ɗan shekara 8 ko 9 Inna ta aike ni kai wa Baba abinci a wajen mararrabar da mota ke tsallaka layi. Na same shi kwance a ƙasa da rana tsaka, kuncinsa a kan kwangiri mai zafi, ido ɗaya a rufe, hannunsa ɗaya a sama yana yi wa mutanensa ishara, su kuma can gaba suna cusa tsakuwa da diga. Mutane suna wucewa a kan kekuna suna kallonsa. Abin da na gani a ranar shi ne ubana yana birgima a ƙasa a gaban jama'a, kuma ina jin daga ranar kunyar nan ta shige ni. Ban san aunawa yake yi ba. Ban san cewa jirgin Kano da ɗaruruwan rayukan da ke cikinsa a kan wannan ido guda suke wucewa ba.

Dattijo ya ɗago ya ce ƙarfen waje ya faɗa da kamar milimita 3, daidai mahaɗa, kuma sai nauyi ya hau yake nunawa. Ya ce in sa kaina in gani. Na kwanta, na ɗora kuncina inda ya ɗauke nasa, sai ga lotsawar a fili, abin da na yi mako 2 ina nema daga tsaye. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Muka cusa tsakuwa cokali biyu a ƙarƙashi, jirgi ya zagaya sau 20 bai ko girgiza ba. Na yi masa godiya, na raka shi ƙofa, na shiga ɗakin ajiyar kaya na rufe. Kukan da ban samu yi ba a 2011, a nan na yi shi.

Tun daga ranar na fahimci cewa wanda ya shimfiɗa layi a waje ya ɗauki aikin da ba ya ƙarewa. Masu zuwa kallo jirgin suke kallo, amma jirgin a mako bai fi ya ci mini awa ɗaya ba. Sauran duk na layi ne. Da kaka ganyen tuffa ke rufe shi, kuma jiƙaƙƙen ganye ɗaya ya isa ya kayar da tarago. Kurege yana tona tsakuwa ya binne gyaɗar da maƙwabta ke zuba wa tsuntsaye. Dodon koɗi yana kwana a cikin ramin da na yi wa jirgi a ƙarƙashin duwatsu, kuma wata shekara bushiya ta shige ciki ta yi barcin hunturunta, na rufe wannan ɓangare har ta tashi. Gansakuka ina sonta a jikin bulo, tana sa wurin ya yi kamar ya daɗe, amma idan ta shiga tsakanin ƙarafan canjin layi sai ta hana su rufuwa. Man da jirgi ke tofarwa yana sa ƙafafunsa sulɓi, sai an bi da tsumma. Tsakuwa kuma kullum raguwa take, ruwa na janye ta, duk bazara sai na ƙara buhu 2 ina turawa da burushin fenti.

Zafi da sanyi su ne manyan abokan gaba. Sanyin ƙarshen Fabrairun 2018 ya fasa mini bulo 5. A ranar 19 ga Yulin 2022, da zafi ya haura digiri 40 a Ingila karo na farko a tarihi, na fito da la'asar na tarar da miƙaƙƙen ɓangaren layin ya lanƙwashe kamar maciji. Tagulla tana miƙewa da zafi. A tsawon mita 38, tsakanin sanyin hunturu da irin wannan rana, ƙarin ya kusa santimita 3, kuma dole ya sami inda zai tafi. Laifina ne, na matse mahaɗan da yawa. A nan ma Baba ya faɗo mini, don na tuna yana cewa 'yar tazarar da ake bari tsakanin kwangiri da kwangiri, wadda ke sa jirgi yin ƙaƙas-ƙaƙas, numfashin ƙarfe ce, wanda ya toshe ta zai gani da rani. Na sake yanka, na bar wa kowace mahaɗa nata numfashin.

Tayar da jirgin kansa yana da ladabinsa, kuma ina jin daɗinsa har yau kamar ranar farko. Ruwan sama nake tara masa in tace, don ruwan famfonmu yana barin farin ɓawo a tukunya irin wanda ake gani a cikin butar shayi. In cika tukunya, in rage kaɗan don tururi ya sami wurin taruwa. In zuba mai mai kauri na musamman a 'yar tankinsa, in ɗiga mai sassauƙa a gaɓoɓin ƙafafu. In cika gas irin na laita, in kunna ta bakin bututun hayaƙi, wutar ta koma ciki da 'yar ƙara. Sai jira. Cikin minti 6 ko 7 allurar agogon matsi ta hau 40, bawul ɗin kariya ya fara huci. Farkon tashi sai ya yi tari, ya tofar da ruwan zafi, ya yi gaba ya yi baya, sannan muryarsa ta washe. Cikawa ɗaya tana kai shi kamar minti 25, kuma an tsara gas ya riga ruwa ƙarewa don kada tukunya ta ƙone a bushe. Da hunturu gas ɗin yana yin sanyin jiki, amma a lokacin ne tururin ya fi kyau, fari tas, yana rataye a iska bayan jirgin ya wuce.

Maƙwabtana masu wannan sha'awa yawanci ƙauyukan Wales suke kwaikwaya. Ni Zariya zuwa Jos na gina. A ɗaya gefen na tara duwatsu masu sulɓi, ɗaya kan ɗaya, irin na saman Filato. A ɗaya gefen tasha ce da rumfar kwano da tankin ruwa, da 'yan buhunan gyaɗa da uwargida ta ɗinka mini da tsohon ƙyalle, guda 200, muka jera su dala. Gidajen bayan tasha da farko da jar ƙasa na gina su, da tubali ƙanana kamar ƙwallon dabino, har da zankwaye. Ruwan Ingila ya narkar da su a wata ɗaya. Na sake su da siminti da jan kala, na bi da yatsa na yi musu zanen shafe. Mutum-mutumi ne kawai ban sa ba. Dattijo ya taɓa kawo mini 'yan fasinjoji na roba a kwali, na yi masa bayanin cewa zuciyata ba ta natsu da ajiye surar mutum ba, ya karɓi abinsa ba tare da ɓacin rai ba. Tashata ba kowa a cikinta, kamar jirgi ya riga ya kwashe su.

A 2019 na je gida, na nuna wa Yaya hotuna a waya. Ta daɗe tana kallon tashar. A nan na yi ƙarfin hali na ba ta labarin dalbejiya, ina tsammanin ba wanda ya sani. Ta ce, "Ai ina nan ranar da ya dawo." Gabana ya faɗi. Na ce me ya ce? Ta ce Inna ta tambaye shi yaya yaron, ya ce, "Lafiya lau. Ya yi ƙiba, makarantar tana da kyau, har ciki ya zagaya da ni." Har ya koma ga Allah bai canza wannan magana ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da kan gudumarsa, ƙotar ta daɗe da karyewa, gefe ɗaya ya cinye saboda dukan ƙarfe. Na naɗe shi a cikin rawani na sa a akwati. Yanzu yana kan bulo a ƙarshen tashar, inda layin ajiye taragu ya tsaya. Shi ne tokarin da ke hana su wucewa. Duk jirgin da na tayar, kafin in buɗe masa tururi sai na yi wa Baba da Kaka addu'a, da sauran waɗanda suka yi diga a wannan layi ba a rubuta sunayensu ko'ina ba.

Kullum bayan asuba, idan gari ya ɗan waye, nakan fita da burushi da ɗan sifana a aljihu in zagaya mita 38 ɗin nan a ƙasa, ko zan tayar da jirgi ko ba zan tayar ba. A bana saiwar tuffa ta sake ɗaga bulo biyu a tsohuwar kwanar. Dattijo yanzu shekararsa 87, gwiwa ba ta barinsa durƙuso. Ranar Asabar da ta wuce jikana ya ɗauko masa kujera ya ajiye a gindin itacen, ya lulluɓe masa ƙafa da bargo. Ni na kwanta na sa kunci a kan ƙarfen, na rufe ido ɗaya, na ɗaga hannu. Yaron yana can gaba da cokali da gwangwanin tsakuwa yana jira.

"Kaka, nan?"

Na ce a'a, ɗan matsa gaba. Ƙarfen waje. Cokali ɗaya tukuna.